JAWABI A KAN TSOFAFFIN WURAREN ƘASAR DAURA DA KAYAN TARIHINTA

Ga jawabin da wani tsohon malamin En'e ya yi ran taron tunawa da ma'aikata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.    

Da aka aiko mini cewa ina cikin masu magana a wannan taro, sai na ce a raina, to, me tsoho zai faɗa wanda ba a riga an faɗa ba? Waɗanda suka riga ni tashi sun ambaci magabatanmu na En'e, ma'aji da alƙalai, malaman haraji da na daji, 'yan doka da masinjoji, sun kuwa yi musu addu'a. Lalle addu'a ita ce haƙƙin mamaci na fari. Amma akwai na biyu, watau a tsare abin da ya bari, kada ya salwanta. A kan wannan na biyu na ke so in yi magana, in kun ba ni kunnuwanku: tsofaffin wuraren ƙasarmu, da kayan tarihinta, da yadda waɗansu ƙananan garuruwa suka riga mu dabarar ajiye nasu.

Bari mu fara da gida. Baƙo in ya sauka Daura, ko daga Katsina ya fito, tafiyar mil 50 ko kusa da haka, ko daga Kano, abin da zai fara tambaya shi ne, ina Kusugu? Sai a kai shi cikin ginin da aka yi wa rijiyar, a zura guga, a ba shi ruwa ya sha, kāna a ba shi labarin da ko wane yaron garin nan ya sani. A ce masa Bayajida ya fito daga Bagadaza, ya zauna Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso nan da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya roƙi ruwa, ta ce babu, gama macijin da ke cikin rijiya ba ya barin a ɗiba sai ran Jumma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, gari ya waye, sarauniya Daurama ta ce za ta ba shi rabin gari, shi kuwa ya ce aurenta ya ke so. Suka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida suka riƙe Daura, da Kano, da Katsina, da Zazzau, da Gobir, da Rano. In aka haɗa da Biram, Hausa Bakwai ke nan. Don haka a ke kiran garin nan tushen Hausa.

Masana sun yi ta muhawara a kan wannan labari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci Bawo a cikin Infaƙul Maisuri tun 1812, ko da ya ke ruwayarsa ta sha bamban da tamu. Waɗansu malaman jami'a suna cewa Bayajida mutum ɗaya ne, waɗansu suna cewa labarin zuwan wata jama'a ne aka tattara a kan sunan mutum guda. Mu dai ba mu zo raba musu gardama ba. Abin lura shi ne, ko wanne daga cikinsu in ya gama rubutunsa, sai ya zo ya tsaya bakin rijiyar nan, domin ita ce abin da ido ya ke gani, hannu ya taɓa. Gani ya kori ji. Da kakanninmu sun bar Kusugu ta cike da ƙasa, da yanzu labarin ya zama tatsuniyar gizo da ƙoƙi.

Daga rijiya a kan kai baƙo fada, ya ga tsohon ginin da a ke dangantawa da Daurama, ya ji labarin takobin da a ke dangantawa da Bayajida, da Girgam, watau jerin sunayen sarakunan Daura tun daga sarauniyoyin farko. In ya yi sa'a ya zo cikin watan Rabi'ul Awwal, ya ga Sallar Gani. In lokacin salla ne, ya ga Hawan Magajiya, ya gane cewa sarautar mata ba ta ɓace daga garin nan ba, sunanta yana nan a fada har wa yau. To, daga nan fa? Sai baƙo ya shiga mota ya koma, rabin yini ya ishe shi. Ya tafi yana tsammani tarihin Daura ya ƙare ran da aka kashe maciji.

Alhali kuwa ba haka ba ne. Ga Tsohon Birni, inda aka ce nan sarauniyoyi suka zauna kafin Daurama ta ƙaura zuwa nan. Ina tambayarku, ku matasa, mutum nawa ne cikinku ya taɓa taka wurin? Ga kuma Zango da Baure. A 1805, zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Malam Isiyaku ya ci birnin Daura, Sarki Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, ƙasa ɗaya ta zama uku har wajen shekara ɗari. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka, wani yanki ya faɗa hannun Faransa, Ingilishi kuma suka komo da Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi birni. Ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911, ya yi shekara 55 bisa gado, har 1966. Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007, sa'an nan Umaru Faruƙu Umaru ya hau. Duk zamanin En'e da mu ke tunawa yau a cikin waɗannan shekaru ya ke. Amma ina ɗakin da za a kai yaron Zango, ko na Baure, ko na Sandamu, ko na Mai'aduwa, a nuna masa a ce, ga sulken da kakanka ya sa, ga wasiƙar da hakiminku ya aika wa Sarki, ga littafin da aka rubuta sunan ƙauyenku karo na fari?

A ƙarshen shekarun 1950 wani masani mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya zo ya zauna da dattawan fada, yana tambaya suna ba shi amsa, ya rubuta babban littafi a kan sha'anin sarautar Daura, aka buga shi a 1978. Dattawan da ya tambaya duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da suka gaya masa ya tsira, ko da ya ke da Turanci ne. Abin da bai tambaye su ba kuwa ya bi su kushewa.

Kada wani ya ce gidan tarihi sai babban birni. Gidan tarihi na fari a Nijeriya ba a Ikko aka buɗe shi ba, ba a Kaduna ba. A Esie aka buɗe shi, wani ƙaramin gari na lardin Ilori, a 1945, saboda ɗaruruwan siffofin dutse da aka samu a kurmin garin. Na Jos ma sai 1952. Ku dubi Argungu kuma. Da Sarkin Kabi ya koma sabuwar fada a 1942, mutanen garin ba su bar tsohuwar ta zama kufai ba. A 1958, zamanin En'e tana da ƙarfinta, suka buɗe ta gidan tarihi da sunan Kanta, suka jera māsu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan su. Sarakuna da ma'aikata irinmu ne suka yi wannan, ba wani ya zo daga nesa ya yi musu ba.

Ga maƙwabtanmu Katsinawa. Ginin ƙasa na tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, makarantar ta tashi daga cikinsa tun 1938, amma ba a rushe shi ba, aka mai da shi gidan tarihi. Hasumiyar Gobarau tana tsaye domin ana kula da ita. Kusa da Mani kuma, a kan hanyarmu ta zuwa Katsina, akwai Durɓi ta Kusheyi, tuddan da aka binne sarakunan dā. Palmer ya haƙa a 1907, zamanin Sarkin Katsina Dikko, aka sāke haƙawa a 1992, aka sami kwanonin tagulla, da mundaye, da zinariya, da duwatsun wuya, da hauren giwa, waɗansu daga ƙasashen gabas masu nisa. Sau nawa muka wuce ta nan a mota ba mu ratse ba?

Akwai kuma ɗakunan ibada, waɗanda su ne suka fi komai daɗewa a ko wane gari, gama abin da jama'a ke shiga kullum ba ya rasa mai yaɓe. In kun je Zariya, ku shiga Masallacin Jumma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846. Da aka tashi sabunta masallacin a shekarun 1970, sai aka yi sabon gini ya lulluɓe tsohon, aka bar ginshiƙansa da bakan gizonsa a ciki. Daga nan ku fita bayan gari kaɗan zuwa Wusasa, ƙauyen da 'yan mishan suka koma bayan sun tashi daga cikin birnin Zariya, inda Likita Miller ya fara zama a 1905. Shi ne ya shugabanci aikin juya Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa, aka buga shi a 1932. A Wusasa akwai majami'a, watau coci, mai sunan Bartalamawus, wadda aka gina a 1929 da tubali da azara bisa tsarin ginin Hausa. Na shiga cikinta da izinin masu ita, na ɗaga kai na dubi rufin, sai na ga hannun maginan ƙasarmu, irin wanda na saba gani a soron Sarki. Mu Musulmi ne, su Kirista ne, kowa da addininsa, amma harshe ɗaya mu ke yi, ƙasa ɗaya aka kwaɓa. Abin da na koya a wurinsu shi ne, jama'a kaɗan ne, ba su da Baitulmali, amma sun riƙe tsohon gininsu shekara da shekaru, ko bayan da suka sami halin gina sabo. In za ku ziyarci irin waɗannan wurare, masallaci ne ko majami'a, ku nemi izini tukuna, ku tuɓe takalmi inda a ke tuɓewa, kada ku shiga lokacin ibada da surutu, kada ku ɗauki hoto sai an yarda muku.

Yanzu fa na zo inda ya fi mini nauyi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sa'ad da na ke saurayi, sabon malami a wani ofishin gunduma wanda ba sai na faɗi sunansa ba, aka kawo mana sababbin kabad da tebura, muka rasa inda za mu sa. Akwai wani ɗan ɗaki a baya wanda ba a buɗe shi ba shekaru. Na buɗe, na tarar da takardu tsibi har kusa da rufi: littattafan haraji, da rasiɗan jangali, da littattafan shari'a, da wasiƙun dagatai cikin ajami, waɗansu da hatimi a jikinsu. Gara ta ci na ƙasa, ɗigon ruwa ya ɓata na sama, na tsakiya kuwa lafiyarsu lau. Ba wanda ya ce in ƙone su. Ni ne na ga datti ne, na sa leburori suka kwashe zuwa bayan ofis, na ƙyasta ashana da hannuna. Kwana biyu wuta na ci. Na koma gida ina jin na yi aikin tsabta.

Bayan shekara goma sha wani abu, wani ɗalibi ya zo daga jami'a, yana neman ya san ƙauyuka nawa ne suka watse a gundumar nan shekarun farin ɗango, da shanu nawa aka ƙidaya kafin yunwa da bayanta. Aka ce masa ya zo wurina, wai ni ne na san tsofaffin takardu. Ya zauna gabana da alƙalami a hannu, ni kuwa na sunkuyar da kai. Ban iya gaya masa gaskiya ba ran nan, sai na ce gara ta cinye. Bayan wannan kuma rigimar iyakar gona ta tashi tsakanin ƙauyuka biyu, har aka zub da jini, ina kuwa kyautata zaton hukuncin da alƙalin dā ya yanke a kanta yana cikin abin da na ƙone. Yau shekaruna sun haura tamanin, ban daina jin ƙaurin hayaƙin nan ba. Na faɗa muku wannan ne don kada waninku ya ɗauki irin kayan da na ɗauka.

Ku sani, takardar da ka ke gani yau ba ta da amfani, ita ce tarihin gobe. Bayan 1966 aka fara karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1973 fam da sule suka tafi, naira ta zo. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e ɗungum, a 1987 kuma aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna. A ko wace irin wannan ƙaura, kaya su kan ɓace, kamar yadda ƙwarya ta kan fashe ran tashi daga tsohon gida. Abin da ya tsira yana warwatse cikin adakar tsofaffi, da ƙarƙashin gadon gwauraye, da ɗakunan ajiya irin wanda na buɗe.

To, ga shawarata, in manya sun yarda. Ba kuɗi mai yawa ta ke so ba, sai niyya.

Na fari, ko wace ɗaya daga ƙananan hukumomin masarautar nan biyar, Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, ta ware ɗaki ɗaya mai rufin da ba ya yoyo, kusa da gidan hakimi, a kira shi ɗakin tarihi. A sa mutum ɗaya amintacce ya riƙe mabuɗi.

Na biyu, a buɗe littafi. Ko wane abu aka kawo, a rubuta sunansa, da wanda ya kawo, da inda ya samo, da abin da ya sani game da shi. Takobi ba labari guntun ƙarfe ne. Wanda ba ya son rabuwa da gadon gidansu, ya ba da aro, a ba shi rasiɗi, ko a ɗauki hotonsa a mayar masa.

Na uku, kada a ce sai kayan sarauta. Lifidi da kwalkwali da kakaki suna da kyau, amma a sa zugazugin maƙeri, da ƙoshiyar masaƙi, da mazarin tsohuwa, da gafakar malami, da anini da kwabo mai huji, da jar rigar dogari, da ƙararrawar makarantar elementare ta fari. Talaka ma yana da tarihi.

Na huɗu, takarda kada ta taɓa ƙasa ko bango. A ɗora ta bisa kanta, a riƙa buɗe ɗakin yana shan iska, a duba shi kafin damina da bayanta. Yanzu ko wane ɗayanku yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Ku ɗauki ko wane shafi, ku ajiye a kwamfuta wuri biyu, ku aika da kwafi gidan adana takardun Gwamnati na Kaduna, ko Gidan Arewa. Masu iya karanta ajamin dā suna raguwa, a nemo su tun suna gani.

Na biyar, ku je wurin tsofaffi da wannan waya. Ku durƙusa ku gaishe su, ku ce, Baba, ba mu labari, Inna, yaya aka yi kaza? Ku bar su su yi magana, kada ku katse su. Wannan ya fi sauran gaggawa, domin gini ya kan jira baɗi, tsoho kuwa ba shi da tabbacin gobe.

Na shida, tsohon soro ko tsohon masallaci na ƙasa, magani nasa yaɓe ne ko wace shekara, da gyaran indararo. Kada a lafta masa siminti, gama siminti ya kan tsare damshi a ciki har bango ya ruɓe. A nemi maginan gargajiya da suka rage, a ba su aiki, a haɗa su da yara su koya. Kuma ku yi hankali da dillalai masu yawo ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya da 'yan kuɗi kaɗan. Dokar 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana sayar da irin waɗannan kaya ga wanda hukuma ba ta yarda da shi ba, ta kuma hana fita da su ƙasar waje ba da izini ba.

Jama'a, baƙi suna ƙaruwa a garin nan. An kafa manyan makarantun Gwamnatin Tarayya, ɗalibai suna zuwa daga ko'ina. A 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta nan. Ran 15 ga Yuli 2025 kuma, da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa, Allah ya jiƙansa, kun ga irin jama'ar da ta cika Daura. Duk wanda ya zo zai tambaya, ina tushen nan da mu ke ji? Kada ya zama ruwa kaɗai za mu ba shi ya sha, mu sallame shi.

Ni dai nawa ya kusa ƙarewa. Akwai wata 'yar adaka a ɗakina, cikinta da takardar ɗaukata aiki, da hatimin mahaifina, da wasiƙu bakwai na ajami waɗanda iska ta fizge daga bakin wutar nan ta jefa gindin katanga, na tsince su washegari. Ran da aka buɗe ɗakin tarihi na fari a ƙasar nan, in ina da rai ni zan kawo su da kaina, in kuwa ba ni, na riga na bar wa 'ya'yana wasiyya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya gafarta mana kurakuranmu, ya ba Sarki lafiya da nasara, ya zaunar da ƙasar Daura lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin. Haza wasalam.